Kada a Cire "Idan" Daga Bakin Na'ura

Zuwa ga Shugaban cibiyar koyar da kwamfuta da ke Tambuwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni manomin fadama ne a ƙasar Kebbe. Ban yi boko ba, ban kuma yi nadama ba. Ɗiyata Hajara, ɗalibarku, uwar 'ya'ya fuɗu, ita ke rubutawa, na kuma hana ta gyara mini magana.

Na farko, godiya. Kun koya wa ɗalibanku yadda ake ba na'ura umarni da kalmominmu: idan, in ba haka ba, maimaita. Da waɗannan kalmomi Hajara ta tsara wa ƙungiyarmu ta manoma yadda injin ban ruwa zai riƙa zagayawa tsakaninmu. Ta karanta mini, na ji ta ce idan mai layi bai zo ba, a wuce ga na gaba. Na ce ta tsaya nan. Tun muna ɗiba da jigo, wanda aka yi wa rasuwa layinsa ba ya faɗuwa. Maƙwabci ke shayar masa har a yi sadakar bakwai. Ta gyara. Ba a yi wata biyu ba Allah Ya ɗauki matar Ɗanjuma, ɗan ƙungiyarmu, albasarsa kuwa ko ganye ɗaya bai bushe ba.

Na biyu, tsohon miki. Zamanin Jihar Arewa, bayan samun 'yancin kai, wani malamin gona ya rubuta dokar fadamarmu da Turanci, muka dangwala yatsa. Wanga sharaɗi na wanda aka yi wa rasuwa bai shiga ba, babu kuma wanda ya ji balle ya tsai da shi. Ranin da mahaifiyata ta rasu, muna zaman makoki shukar babana ta ƙone. Har yau ban huce ba.

Na uku, an ce baɗi za ku koma kalmomin Turanci zalla, wai da su ake samun aiki. Ban musa ba, ranka ya daɗe, kai ka san birni. Ku koya musu Turancin su ci abinci. Abin da nika roƙo, ku bar na Hausa kusa da shi, don duk abin da za a rubuta kan ruwanmu a fara karanta muna shi mu ji da kunnenmu. Yatsana ya dangwala abin da bai ji ba sau ɗaya, ya isa.

Allah Ya saka maka da alheri, Ya jiƙan magabatanka, Ya raba ka da sa hannu a duhu.

Wassalam.
Ummaru Mai Jigo, Kebbe.