Abin da Na Gaya wa Uwar Habu

Haɗeja, Laraba bayan isha'i

Yau na rama. Makon jiya Hajiya Larai ta tsaya a ƙofar ajina ta ce wadda ba ta haihu ba ina ta san tarbiyya.

Da ta zo ɗaukar ɗanta Habu, na bari iyaye suka taru, sannan na ce, "Hajiya, yaronki ya mari wata yarinya yau. Yana marinta yana cewa, 'Larai, har na dawo daga fadama ba ki gama tuwo ba?' A ina ya ji haka?"

Ta ja mayafi ta rufe kuncinta na hagu, ta fizgi yaron suka tafi.

Na san Habu zai sha duka a daren nan. To, ai ba ni na haife shi ba.