Na Juya Itacen Baba

Zuwa ga Yayana Fumihiko,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Kinuyo da yara, yanzu da sanyi ya fara shigo muku Sao Paulo namu kuma yana kan hanyar fita. Kullum da safe idan na kunna turare a gaban hoton Baba, ina roƙa muku lafiya da tsawon rai. Mama tana nan da sauƙi, gwiwar ce dai, kuma har yanzu ba ta yarda da likitan ba, wai ta girmi uwarsa. Gwaggo Shigeko ta zo makon jiya da tulun tsimin kabejinta, ta zauna har sai da ta ga mun ci.

Wasiƙarka ta iso. Sau biyu na karanta ta, na biyun don in tabbata kai ka rubuta, domin muryar Baffa Tsuneo nake ji a kowane layi. Ka ce in miƙa masa matsun Baba, wato tsohon ɗan itacen nan da ya rena a kasko, ya riƙe, tunda na ɓata shi. To, bari ka ji daga bakin wadda ta yi ɓarnar.

A watan uku na fitar da itacen daga kaskonsa don in sauya masa ƙasa, karo na farko tun rasuwar Baba. Da na kakkaɓe tsohuwar ƙasar da tsinken cin abinci, sai na tarar babbar saiwar da ke gefen fuska, wanda ake nuna wa baƙi, ta ruɓe, tana marmashewa a yatsana. Reshen da ke samanta shekara biyu ke nan yana yin rawaya, kowa yana cewa kewar Baba ce. Ƙarfin itacen duk ya tattara a bayansa, gefen da dusar ƙanƙara ta karya tun muna firamare, inda Baba ya yi shekara arba'in yana jingina tabon da katanga don kada baƙo ya gani. Na zauna a kan duga-dugaina na daɗe ina kallo. Sannan na yanke ruɓaɓɓiyar saiwar, na cire mataccen reshen, na juya itacen, na karkatar da kansa da waya don ya rusuna wa mai kallo ta sabon gefen. Tabon yanzu shi ne fuska. Fari ne tas, ya murɗe daga gindi zuwa tsakiya, kuma ban taɓa ganin itacen nan da kwarjini haka ba.

Baffa ya shigo lambu da hularsa ta shugaban ƙungiyar masu renon itatuwan kasko, ya yi gaisuwa, ya ɗaga kai, sai gaisuwar ta maƙale. Ya zagaya bencin da itacen ke kai sau biyu yana neman gaban. Daga nan ya ce wai ni da na kwashe shekara shida a jami'a ban iya bambance fuska da ƙeya ba, wai na sa wansa ya juya wa baƙi baya a cikin gidansa. Na zuba masa shayi, na rusuna, na tambaye shi lafiyar itatuwan momiji uku da ya karɓa riƙo daga gwauruwar maƙwabcinsa bara. Ka san amsar. Kaskunan suna nan, matarsa ta shuka albasa a ciki. Ya ce ni dai bakina ne ya hana ni aure. Na ce masa ai da sauƙi, bai kashe itace ko ɗaya ba. Mama ta yi kamar tari ya kama ta.

Yaya, na san abin da ya dame ka. Wancan gefen ne ka sani, shi ne a hoton da ke bangon ɗakinka. Ni ma shi na sani. Amma ni ce nake ba shi ruwa sau biyu a rana shekara tara, tun da hannun Baba ya fara rawa, ni ce nake tsinke masa tsohon ganye da hantsaki har wuyana ya ƙage. Baba bai taɓa yaba mini da baki ba, almakashinsa kawai ya miƙo mini wata rana ya koma ciki. A gidanmu ka san me wannan yake nufi. Ba zan ba Baffa itacen ba, kuma na riga na sa sunana a bajekolin kaka. Sunana, ba na ƙungiya ba.

Idan kuna shirin a mayar da shi yadda yake, ga abin da Baffa bai rubuto maka ba, alhali ya fi kowa saninsa. Tsohon matsu da aka yanke wa saiwa ba a sake taɓa gindinsa sai bayan shekara huɗu. Wanda ya ɗaga shi kafin nan, ya kashe shi. Saboda haka kuna da shekara huɗu ku saba. Jiya na ƙirga sabon toho goma sha ɗaya a saman tabon.

Ka gaishe mini da Kinuyo, da Noriaki, da 'yar auta Sumire. Mama da Gwaggo suna gaisuwa. Baffa ma ina jin zai gaishe ka, ta tasa wasiƙar.

Ƙanwarka da ke girmama ka, ko da ba ta bi maganarka ba,
Chizuru