Abin da Hajiya Wafa' Take Faɗa Bayan Azahar

Zuwa ga Yaya Amatullah,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da yara, Ya kuma ba Inna sauƙin gwiwarta. Ƙawata Saudatu tana nan unguwar Nuzla, bakinta bai mutu ba, ta yi ƙiba tana ɗora wa ruwan Jidda laifi. Wata mai umara na ba saƙon, don ba na sakewa a waya a gidan nan.

Kin san tsohuwar da nake jinya, Hajiya Wafa', wadda ta rikice har ba ta gane ɗanta Majid. To, kwanan nan, da an yi azahar gida ya yi tsit, sai ta miƙe zaune, ta dunƙule hannu tana dukan ƙirjinta a hankali, tana cewa meya kulfa, meya kulfa. Muryar ma ba tata ba ce, siririya ce kamar ta budurwa. Matar da ko sunanta sai an tuna mata! Nakan karanta Ayatul Kursiyyu, amma tsigar jikina ba ta kwanciya.

Na tambayi Zaharadden ɗan Baba Sadiƙ, tunda shi ya karanta lauya. Ya ce Latinanci ne, mea culpa ake rubutawa, ma'anarsa laifina ne, wasu Kiristoci kan faɗe shi a coci suna dukan ƙirji haka. A wurin lauyoyi kuma culpa laifin sakaci ne, wanda ba a yi da niyya ba amma ya jawo ɓarna. Sai ya tambaya ko Kirista ta taɓa zama a gidan.

Ta taɓa, Yaya. Mai aikin maƙwabta ta ce wata 'yar Filifin ce ta riga ni. Al'adar gidan, in za su Ɗa'ifa hutun zafi, sai su karɓe wayar 'yar aiki, su kulle ta a ɗakin saman bene da abinci da ruwa, don kada ta gudu. Na'urar sanyi ta lalace bayan tafiyarsu. Da suka dawo, a jikin ƙofa suka tsinci gawarta. Aka ce ciwon zuciya ne, halas, magana ta ƙare. A ɗakin nan nake kwana.

Jiya Majid ya ce ƙarshen wata za su tafi Ɗa'ifa, ƙanwarsa za ta kula da Hajiya, ni in tsare gida. Shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini a ƙasar nan, fasfona na hannunsa, in na gudu iƙamata, takardar izinin zamana, ta tafi. Yana fita Hajiya ta damƙe hannuna, ta dube ni sosai, da siririyar muryar nan ta ce kada in hau sama. Wallahi tsoro nake ji. Ranar da suka fito da akwatuna zan fita zubar da shara, ba zan dawo ba.

Ki gaida Inna da Jabiru da Hafsa, amma kada Inna ta ji wannan. In kika kira kika ji wayata a kashe, ki roƙi Allah ya zamana ni na kashe ta da hannuna.

Ƙanwarki,
Fauziyya