Kujerar Gaba ta Osayo Ce

Kurihata, ƙarshen Agusta

Zuwa ga maigidana Shozo,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya jiki, yaya kuma hannun hagun? Ina fata zafin birni bai hana ka sakewa a asibitin nan ba. Mu nan ya fara sassautawa. Lafiyata lau, in ban da gwiwar nan da ka sani. Tunda ka ce waya tana gajiyar maka da baki, ga takarda, ka karanta a hankali, ba mai korar ka.

Jiya Kazue ta dawo daga duba ka, tun kafin ta cire takalmi na san ta yi ɓarna. Na ja mata kunne kada ta gaya maka zancen jiragen, amma 'yarka ce, bakinta ba ya riƙe magana. Ta ce tun da ka ji ka juya fuskarka bango, ka ƙi tashi motsa jiki, har ka ce wa ma'aikaciyar jinya, "In koyi tafiya in je ina?" Baban Kazue, wannan magana ta ƙona mini rai. To tunda ka ji rabi, bari ka ji sauran daga bakina.

Gaskiya ne, kwamitin lambun gari yana so ya kwashe jiragen tafki. Tun da shanyewar ɓarin jikin nan ta kwantar da kai lokacin sanyi aka sa wani baƙo a rumfarka. Mutumin kirki ne, amma yankan tikiti kawai ya sani. Da furannin itacen sakura suka fito bayan sanyi an cika lambu kamar kullum, an shimfiɗa tabarmi, an ci an sha, an kuma hau jirage. Ɓarnar ta zo ne da wasan gwajin jarumta na lokacin zafi. Maimakon iyaye su yafa fararen zannuwa su tsorata yara a bakin tafki a ƙare da shan kankana yadda muka saba, bana 'yan sakandare aka bar wa shirin. Suka sa wata yarinya ta yi shigar Osayo, gashi jiƙe sharkaf, fuska fari fat, ta miƙe daga cikin koren jirginka tana ihu, "Duk biyun da suka hau sai na raba su!" Aka ɗauke ta a waya, abin ya bazu har garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba.

Osayo fa, Baban Kazue. Yarinyar da ta nutse tun zamanin kakannin kakanninmu tana jiran saurayin da ya ce zai zo ya ɗauke ta a jirgi bai zo ba, wai ita aka mayar dodo. Yanzu baƙi suna zuwa su ɗauki hoton tafkin su tafi, hawa kuwa babu. Da idona na ga wani saurayi ya sa ƙafa ɗaya a jirgi, budurwarsa ta fizgo shi ta wuyan riga har sai da ya zauna a ƙasa.

Na je taron kwamitin. Sabon shugaban, Kuwabara-san ɗin nan da ya yi ritaya daga banki, ya ce za a kafa famfo mai feshi da fitilu kala-kala a tsakiyar ruwa. Ni da ban taɓa buɗe baki a taro ba sai ga ni tsaye.

Na ce, "Kuwabara-san, shekara arba'in mijina yana shafa wa jiragen nan fenti da hannunsa. Ku bari ya dawo mana tukuna."

Ya ce, "Uwargida Hayasaka, ni ban kori kowa ba, fatalwa ce ta kore su. Jirgin da ba a hawa kuma ai itacen girki ne."

Aka yi dariya. Da ya ga ban zauna ba sai ya gyara tabarau ya ce, "To, ga bikin jajayen ganye nan tafe a Nuwamba. In ranar kika cika mini jiragen nan tara da ma'aurata ko masoya, a gaban kowa zan janye maganata. In ko ɗaya ya wuni a ɗaure, kada ki ƙara tayar mini da zancen."

Na ce na yarda.

Ni dai na ɗauki nawa aikin. Kai kuma ka juyo da fuskarka daga bangon nan, ba abin da aka rubuta a jikinsa. Ka gaishe mini da makwabcin gadonka mai minshari.

Matarka,
Fumie

Kurihata, tsakiyar Oktoba

Baban Kazue,

Ina gaishe ka da jiki, ina fata ana samun sauƙi. Sanyin safiya ya fara shigowa, na ba Kazue rigar ulunka mai ruwan toka ta kai maka. Ka sa ta, kada ka ce tana ƙaiƙayi.

Bari in ba ka labarin inda aka kwana. Da farko na rasa ta inda zan fara. Na tsaya a ƙofar lambu ina roƙon matasa, suna sunkuya mini cikin ladabi suna zamewa. Wata yarinya ta ce, "Kaka, ki yi haƙuri, da ƙyar na samo wannan, ba zan kai shi gwaji ba."

Mafita a gidan wankan jama'a na same ta. Muna zaune cikin ruwan zafi ni da Tatsuko, matar Umeda mai gyaran keke, ina yi mata ƙorafi, sai ta ce, "Ke Fumie, wai yaran nan suna ma gaishe ta kafin su hau?"

Kunya ta kama ni. Abin da na ji kana faɗa sau dubu, har ya zama kamar tarinka, na daina jin sa. Duk biyun da suka zo, kafin ka kwance igiya sai ka ɗaure fuska ka ce, "Kun gaishe ta?" Ka sa su ɗora fure ko ganye a kujerar gaba su ce, "Osayo, zo mu zaga da ke." Haka iyayenmu suka yi, haka muka yi ni da kai ranar da ka jiƙa mini siket da filafili. Osayo ba ta taɓa jin haushin masoya ba. Abin da ba ta so kawai a tafi a bar ta a bakin ruwa tana jira. Yaran nan rabin labarin suka tsinta, rabin mai ban tsoro, ɗaya rabin kuma yana kwance a asibiti yana kallon bango.

Tun daga ranar na bar matasa na koma kan tsofaffi. Na bi gari gida gida ina neman duk waɗanda suka hau jirgin nan kafin aure kuma har yau suna cin abinci a teburi ɗaya. Ashe suna da yawa! Su Umeda ne na farko. Shi ya ce, "Ni da wannan matar a jirgi ɗaya? Ai sai ta tura ni ruwa." Ita kuma ta ce, "Tafkin me ya yi mini da zan ɓata shi?" Na ɗauka sun yarda ke nan. Tsoho Nagase mai awara ya ce zai zo ko da goya matarsa zai yi. Wasu sun ce gwiwa, wasu sun ce kunya, wai jikokinsu za su yi musu dariya, amma da matan suka sa baki duk sun miƙa wuya.

Setsu mai shagon zare ce ta kusa rusa mini shiri. Ta ja ni bayan kanta ta yi ƙasa da murya ta ce, "Na hau kam, amma ba da wanda na aura ba." Na ce, "Kin gaishe da Osayo ranar?" Ta ce ta manta. Na ce to ta ci gaba da mantawa, ta kuma rufe bakinta har bayan biki.

Yanzu ina da takwas. Saura jirgi ɗaya, kuma na ƙare gari. Waɗanda suka rage duk gwauraye ne irin Uwargida Sakaki da mijinta ya rasu, wadda da na ambaci tafkin ta fashe da kuka sai da na zauna na sha shayi da ita. Kazue ta ce in hau da mijinta a cike gurbi. Na ce sharaɗin bai ce suruka da suruki ba, kuma ko ya ce, ni ban taɓa shiga jirgin nan da kowa ba sai kai. Da kana nan da zance ya ƙare. Ban faɗa don in sosa maka rai ba, kewarka ce ta yi mini yawa.

Kazue ta ce har yanzu ba ka tashi ba, amma ka tambaye ta ko an kwashe ruwan sama daga cikin jiragen. An kwashe. Ni na kwashe, da tsohon gwangwaninka.

Taka,
Fumie

Kurihata, Nuwamba, washegarin biki

Maigidana,

Ina gaishe ka, yaya ƙarfin jiki? Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa, ɗoki ne ya hana ni tsawaitawa. Ka sa a ɗaga maka matashi ka zauna sosai.

Gari ya waye tangaran, ganyaye sun yi ja har tafkin ma ya koma ja. Masu gasa dankali da masu ƙwallon shinkafa sun kafa rumfuna, 'yan makaranta suna busa a kan dandamali. Labari ya riga ya zaga cewa tsofaffi za su gwada fatalwa, don haka bakin ruwa ya cika maƙil, kowa da waya a sama. Na sa hularka ta aiki, na tsaya inda kake tsayawa, na ɗaure fuska iya ƙoƙarina na ce wa su Nagase, "Kun gaishe ta?"

Matar Nagase ta ɗora jan ganye a kujerar gaba, ta sunkuya ta ce, "Osayo, mun daɗe ba mu zo ba, ki yafe mana. Zo mu zaga da ke." Na ji wata budurwa a bayana tana tambayar ƙawarta, "Au, gayyatar ta ake yi?"

Ɗaya bayan ɗaya suka shiga ruwa. Su Umeda kuwa sun biya kowa wahalar zuwansa. Ta ce bai iya tuƙi ba, ta ƙwace filafili ɗaya, shi ya riƙe ɗaya, kowa yana ja ta inda ya ga dama, jirgin ya dinga juyawa wuri guda a tsakiyar tafki.

"Hagu na ce, kurma!"

"Hagunki ko haguna?"

"Shekara hamsin ba ka san haguna ba?"

Jama'a suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Mai gasa dankali ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, fatalwar da ta kasa raba waɗannan, da duk taimakon da suke ba ta, wa za ta iya rabawa?"

Amma koren jirginka yana ɗaure. Matasa suna ta turin juna, ba wanda ya yarda ya zama na farko. Kuwabara-san ya taho a hankali cikin kwat ɗinsa, ya dubi igiyar, ya dube ni. Ba da mugunta ba, har da ɗan tausayi, ya ce, "Kin yi ƙoƙari, Uwargida Hayasaka. Amma takwas ba tara ba ne." Na fara tunanin yadda zan rubuta maka wannan takarda.

Sai ga matarsa Michiyo, wadda ban taɓa jin muryarta ta wuce ta sauro ba, ta fito daga cikin mutane da jan ganye a hannu. Ta ce, "Baban Noboru, cire kwat ɗin nan."

Ya ce, "Ke, mene ne haka a gaban mutane?"

Ta ce, "A cikin wannan koren ka ce in aure ka. Filafili ya suɓuce maka, Hayasaka-san ya biyo mu da sanda ya jawo mu, ka roƙe shi kada ya gaya wa kowa. Ka manta ne, ko so kake ka ƙone shaida?"

Baban Kazue! Shekara arba'in kana riƙe da wannan ba ka taɓa gaya mini ba? Za mu yi maganar in ka dawo.

Kunnuwansa suka yi ja kamar ganyen da ke hannunta. Ya cire kwat, ya miƙa mini, ya shiga. Na ce, "Kun gaishe ta?" Ya sunkuya har tabarau ya kusa faɗawa ruwa, ya gaishe ta da babbar murya. Da na kwance igiyar tafi ya ɓarke ko'ina, masu busa suka canza kiɗa, ni kuwa ina rungume da kwat ɗin shugaban kwamiti ina kuka kamar yarinya, ban damu da wanda ya gani ba.

Kafin su dawo layin matasa ya kai har rumfar dankali, kowa da ganyensa. Yarinyar da ta yi shigar Osayo ma ta zo da saurayinta, ta ɗora ganye biyu, ta ce ɗaya na ban haƙuri ne. Kuwabara-san ya fito wandonsa jiƙe, ya hau dandamali ya ce ya janye, jirage suna nan daram, famfo kuma a kai shi gaban tashar jirgin ƙasa. Ya ce in gaya maka kwamiti yana jiran ka, don baƙon nan bai iya ɗaure fuska ba.

Mun ci, maigida. Mun ci!

Ni kaɗai ce ban hau ba. Tatsuko ta yi ta ja na, na ƙi. Da yamma da aka watse na ɗora ganye a kujerar gaban koren jirgin, na gaya wa Osayo ta ƙara haƙuri zuwa fitowar sakura, ni ma jira nake yi kamar ta, amma nawa zai zo.

Kai ne ka tambayi ma'aikaciyar jinya wai ka koyi tafiya ka je ina. To ga amsa, daga ƙofar lambu zuwa bakin tafki, ba nisa. Kada kuma ka kawo mini zancen hannun hagu. Na dama ya ishe ka. Ka riƙe filafili ɗaya in riƙe ɗaya, mu zauna kafaɗa da kafaɗa. In mun yi ta juyawa wuri guda kamar su Umeda, sai me? Ba inda za mu.

Ka tashi, Shozo. Mata biyu ne ke jiran ka a bakin ruwa, ɗaya kuma ba ta da haƙuri.

Matarka mai jiran ka,
Fumie