Notin Gadon Baba

Yayana na kaina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya nisa? Mu dai da sauƙi, alhamdulillahi.

Likita ya ce ranar Juma'a zai sallami Baba, amma da sharaɗi: sai a gadon da ake ɗaga wajen kai zai kwanta. Tun da shanyewar jikin nan ta same shi haɗiya ke ba shi wuya, in ya kwanta a miƙe yana iya shaƙewa. Na ce ai muna da shi, gadon ƙarfen nan da Baba ya ƙera a shagonsa lokacin jinyar Mama. Har da cika baki na yi.

Da na jawo gadon daga ɗakin ajiya, sai ga hannun da ake juyawa ya faɗo mini a ƙafa. Notin da ke riƙe shi ya fita. Na tsinci wani a ƙasa cikin ƙura, na sa a ramin, na murɗa, na murɗa, ya ƙi shiga. Ko ba nasa ba ne, ko haƙoransa ne suka cinye, oho. Na jefa shi a jaka. Kai ne makaniki, ni malamar makaranta ce, alli na sani. Me zan ce wa masu shago?

Baba yana nan yadda ka bar shi. Ba magana, sai kallon silin. Wallahi ban sani ba ko yana gane ni.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Anti? Allah ya ƙara sauƙi.

Na yi yadda ka ce, na kwance ɗan ƙarfen da ramin yake ciki na tafi da shi layin masu kayan ƙarfe. Yaya, ashe noti ma dangi gare shi! Mai shago na farko ya tambaye ni na inci ne ko na milimita. Na ce na gado ne. Dariyar da suka yi mini sai da na ji kamar in nutse. Na biyu ya ce ƙananan haƙora ne, na uku ya rantse manya ne. Wani tsoho ya zazzage gwangwani guda a kan tebur, muka gwada ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ya leƙa bakin ramin ya tsaya cak.

Yanzu noti goma sha huɗu ke jakata, duk ba wanda ya shiga. Kai ka ce lamba sha biyu ne, su sun ce ba ruwan lambar sifana da kaurin noti. To wa zan bi? Kaina ya ɗaure tamau.

Mai walda ya ce in kai masa gobe ya liƙe hannun gaba ɗaya. Kafinta kuma ya ce in aka liƙe, ranar da wani abu ya lalace a ciki an gama da gadon. Jibi ne Juma'a. Tsoro nake ji, Yaya, kar likita ya fasa.

Taka,
Auta

Yayana,

Ina fata kun tashi lafiya. Ka zauna kafin ka karanta.

Ɗazu na biya asibiti kafin in wuce wajen mai walda. Ina zaune gefen Baba na zube notocin a kan zanen gado, ina sake gwadawa don haushi. Sai na ji ya kama mini wuyan hannu da hannunsa mai lafiya. Na zaci ruwa yake so, na miƙa masa kofi, ya kau da kai. Ya bi notocin da yatsa yana ture sababbin gefe, har ya kai kan tsohon nan mai tsatsa da na tsinta a ƙura. Ya nuna mini in riƙe ƙarfen. Ya sa shi a ramin, ya murɗa hagu.

Hagu, Yaya! Ya shige sumul har ƙarshe.

Da na nuna wa mai walda, sai ya dafa kai. Wai da gangan Baba ya yanka haƙoran a juye, don kada juya hannun ya riƙa kwance notin. Duk shagunan duniyar nan ba inda zan sami irinsa.

Amma ba wannan ne ya sa ni kuka a gaban nas ba. Da ya gama, harara ya watsa mini, irin wadda yake mana in mun taɓa masa akwatin kayan aiki. Sati uku kenan muna tsayawa a kansa, ni da kai a waya, muna maganarsa kamar ba ya nan. Har maganar da ka yi cewa da wuya ya dawo hayyacinsa, a gabansa na sa ta a sifika.

Gadon ya haɗu, yana ɗagawa. Gobe zan kawo Baba gida. Ka kira shi da hantsi, shi da kansa, zan kara masa wayar a kunne. Ka fara da ban haƙuri, don duk ya ji mu.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Auta