Kofi Bakwai da Kurɓi Ɗaya

Dindori, 9 ga Janairu, 2013

Zuwa ga Uwar Pallawi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar taki da sanyin nan? Yaya yayanki Sopan-dada da iyalinsa, da sauran mutanen Pandarpur? Mu nan lafiya lau, in ban da tarin nan da kika sani.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna. Aji tara na tsaya a makaranta, tun daga nan kuwa ban rubuta abin da ya wuce sa hannu ba. Amma ga shi kusan shekara huɗu ke nan ba kya ɗaukar wayata, kuma akwai maganar da ba zan iya aiken 'yarmu da ita ba.

Ranar Asabar na yi baƙuwa daga Mumbai, Firoza-bai, wata 'yar tsohuwa mai gajeren gashi da ke rubuta sharhin giyar inabi a jarida. Ni na gayyato ta da kaina. Na ce lokaci ya yi da za a san cewa Madukar Kokate, wanda ya fara da tura albasa a kura, shi ke yin jar giya mafi daɗin sha a wannan yanki. Na sa aka shimfiɗa farin zane a teburin gindin mangwaro, na jera mata haɗinmu na inabin shiraz da na girenash, mara nauyin nan, kofi bakwai na shekara bakwai, daga 2006 zuwa bara.

Ta ɗauki na farko ta ɗaga shi a hasken rana, ta shaƙa, ta kurɓa, ta tofar a bokiti. Ta ce ya tsufa amma da mutuncinsa, kamar busasshen rumman. Na 2007 ta ce ƙamshin ƙasa yake yi bayan ruwan farko. Na 2008 ya sa ta murmushi. Da ta zo kan na 2009 sai ta lumshe ido, ba ta tofar ba, ta haɗiye. Ta ce, "Kokate-saheb, wannan ai ko da tsakar rana a watan zafi sai mutum ya sha, bai san ya sha ba." Ina tsaye ina murza gashin baki.

Sai kofi na biyar. Ta yamutsa fuska ta ce kamar an dafa inabi da sukari an manta shi a wuta. Na shida ta ce yana ƙona maƙogwaro. Na bara kuwa shaƙa kawai ta yi ta ajiye. Daga nan ta sa tafin hannunta a tsaye tsakanin kofi na huɗu da na biyar, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Saheb, wa ya mutu a nan?"

Na ce ba wanda ya mutu. Ta ce, "To wa ka kora?"

Na ce mata gona ɗaya ce, tankin giya ɗaya, hannu ɗaya, ga shi nan, nawa. Ta ce, "Hannun na yarda. Harshen ne aka canza. Huɗun nan an yanke inabinsu a ranarsa. Ukun nan an bar shi yana ta zaƙi a rana, kamar wanda za a kai tasha a sayar wa yara."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Matar da ba ta taɓa riƙe fartanya ba! Na raka ta mota ban ko ba ta kwalbar tsaraba ba. Amma da na dawo na tarar da kofunan nan a jere, sai na ƙirga da yatsa. A watan Maris na 2009 kika tafi.

Ba wai na yarda da maganarta ba ne. Ina da na'urar auna zaƙi da na sayo a Pune, ba ta ƙarya. Sai dai ina so in rufe bakin matar nan. Ki zo farkon Fabrairu, kwana biyu kacal, ki zaga gonar kamar da, ki faɗi ranar yanka. Zan turo mota. Abin da ya faru ya wuce. Wasa ne, kowa ma ya san wasa ne.

Ki gaishe da mutanen gida.

Mijinki,
Madukar Kokate

Dindori, 27 ga Janairu, 2013

Uwar Pallawi,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata jikinki da sauƙi, kuma kina samun man zafin nan na gwiwa. Ni dai ga ni nan.

Ban ga amsa ba. Kullum sai na tare mai kawo wasiƙu a bakin titi, har ya fara tsokanata, wai, "Kaka, budurwa aka yi ne da tsufa?"

Sharhin ya fito. Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Cewa ta yi duk wanda ya samu kwalbar 2009 ya riƙe ta da hannu biyu, kada kuma ya tambayi ƙannenta. A wurin shan shayi Gangadar mai taki ya karanta shi da ƙarfi, sau biyu, yana cewa, "Saheb, ƙannen nan ba su da lafiya ne?" Na yi dariya tare da su. Shayin ne ban iya shanyewa ba.

Kwana tara ke nan ina fita gona da sassafe ina kwaikwayonki. Na tuna yadda kike yi. Ki tsinki ƙwaya ɗaya daga gefen da rana ke duka, ɗaya daga cikin inuwa. Ki tsotse ruwan, ki tauna ɓawon shi kaɗai, ki fasa ƙwallon da haƙori, ki tofa a tafin hannu ki duba launinsa. Sannan ki goge hannu a gefen zane ki ce, "Jibi a yanke." Ni kuma in hau faɗa, in ce da saura, da tsami, zaƙi bai kai ba, ni da na yi shekara ashirin ina noman inabin ci za a koya wa? Ke dai sai ki ce, "Tsamin nan shi ne ransa," ki wuce ki ɗora gurasar dawa. Ina gunaguni nake kiran masu yanka. In baƙi sun yaba kuma in buga ƙirji in ce harshena ne.

To na tauna, Uwar Pallawi. Na tauna har muƙamuƙina ya yi ciwo. Shekara talatin da biyar ina cusa taba da farar ƙasa a kunci, bakin nan ya mutu ban sani ba. Abu biyu kawai yake ganewa, da zaƙi ko babu zaƙi.

A waccan wasiƙar na ce wasa ne. Bari in rubuta shi yadda ya faru, ko sau ɗaya ne. Ranar walimar gama yanka, tsakar gida cike da manyan baƙi daga Nashik. Wani ya ce, "Saheb, matarka fa, me ta ce da giyar?" Na ce ai ita mai carbin icen tulsi mai tsarki ce a wuya, tun tana 'yar shekara goma sha biyar ta yi wa Pandurang, abin bautarmu na Pandarpur, alkawari, ba nama, ba giya. Suka yi dariya, wai mai giya ya auri waliyyiya. Dariyar ta ci ni. Na shiga ciki na zuba giyar a kofin ƙarfe, na jefa ƙanƙara. Launinta ɗaya da jan ruwan kokam da kike sha in kin gaji. Kin fito daga wurin murhu kina gumi, na miƙa miki na ce, "Ungo, jiƙa maƙoshi." Ba ki ko duba ba, don daga hannuna ya fito. Kurɓi ɗaya kika yi.

Na tafa, su ma suka tafa. Ke kuwa kika ajiye kofin a ƙasa a hankali, kika kama carbin wuyanki, kika dube ni. Kin gama raba wa baƙi abinci har na ƙarshe, kin wanke tukwane. Washegari kika hau motar Pandarpur.

Na yi ta cewa za ki huce ki dawo. Na hana kowa zuwa biko, na ce Kokate ba ya roƙo.

Inabi ya fara nuna, zafi kuma na ƙaruwa. Tunda ba za ki zo ba, ga Pallawi nan tafe ranar Laraba da ɗan kwando. Nonon inabi uku ne a ciki. Mai jan zare daga bakin rijiya, mai farin zare daga kan tudu, mara zare girenash ne. Ki tauna kawai ki gaya mata rana. Ba sai kin rubuto ba, ba sai kin ambaci sunana ba.

Ki huta lafiya.

Madukar

Dindori, 24 ga Fabrairu, 2013

Shewanta,

Ina gaishe ki, yau da sunanki na gaskiya. Ina fata kina lafiya. Pallawi ta ce kin rame amma fuskarki a sake take, kuma kullum da safe kina zuwa bakin kogi da ƙafarki. Na ji daɗin wannan.

Na jima ban rubuto ba don na rasa ta inda zan fara. Yarinyar ta dawo da kwandon wayam, na yi murna, na ce, "Wace rana ta ce?" Sai ta zauna a dakali ta fashe da kuka. Ta ce kin karɓi kwandon hannu biyu, kin kwance zaren, kin wanke inabin, kin fita kin raba wa mahajjatan da ke layin shiga ɗakin ibada. Ko ƙwaya ɗaya ba ki kai baki ba.

Ta ce, "Baba, ashe ba ka sani ba? Tun satin da ta isa can ta tsaya gaban Pandurang ta bar masa inabi, kaffarar kurɓin nan. Ɗanye ko busasshe, ba za ta ƙara ci ba har ta mutu."

Ban sani ba. Ta ina zan sani, ni da ban taɓa tambaya ba? Na san mai zuwa wurin ibada yakan bar abin da ya fi so a duniya, kakata ma ayaba ta bari. Amma ban taɓa zaton inabi ne abin da kika fi so ba. Ni a ganina aiki kike taya ni. Shekara talatin ina kallonki kina tauna shi da sassafe, ban lura ko sau ɗaya cewa daɗi kike ji ba. Laifin nawa ne, kaffarar kuma ke kika ɗauka.

Pallawi ta ba ni saƙonki, ta ce kin sa ta maimaita don kada ta rage. "Ki ce wa babanki na karanta duka biyun. Ki ce masa ba na riƙe da shi. Amma wasiƙa biyu ya rubuto, duk inabi yake tambaya."

Na sa an yanke ranar Alhamis. Ban tauna ba, ban duba na'ura ba. Ƙwayoyin sun riga sun fara yamushewa, tsuntsaye sun ci na bakin rijiya. Da mai lura da tanki ya tambaye ni yadda za a haɗa na bana, na ce ya haɗa yadda ya ga dama. Ya tsaya yana kallona kamar bai san ni ba.

Kwalba goma sha ɗaya ta rage ta 2009. Jiya da rana na buɗe ɗaya a gindin mangwaro, na zuba a kofi, na ɗaga a haske kamar yadda Firoza-bai ta yi. Na tuna safiyar da kika yanke mata rana. Da koren zane a jikinki, raɓa ta jiƙa bakinsa, ina bin ki a baya ina faɗa. Na kurɓa na riƙe a baki, ina neman abin da matar nan ta ji har ta lumshe ido. Ban ji komai ba, Shewanta. Ruwa ne mai sanyi. Abu mafi kyau da ya taɓa fita daga gidan nan, ke da kika yi shi ba za ki taɓa sha ba, ni da nake sha ba na jin sa.

Da na zauna rubutun nan na yi niyyar ba zan ambaci gona ba ko sau ɗaya. Na so in tambaye ki ko kina barci sosai, ko akwai mai shafa miki man gwiwa, ko kina tuna gidan nan. Na so in ce ki yafe mini, ba don komai ba. Yanzu na koma na karanta daga sama, na ga ita ma wannan duk inabi ce. Ban iya wata magana ba. Shekara talatin da shi kaɗai nake yi miki magana, ga shi kin bar shi.

Ba zan turo mota ba. Ƙofar ɗakinki dai ban taɓa sa mata kwaɗo ba.

Ki gaishe da Sopan-dada. In kin shiga gaban Pandurang, in bai yi miki nauyi ba, ki ambace ni.

Ni ne,
Madukar