Sabi'u Ya Farfaɗo

Daren Laraba, Ƙafin Maiyaki

Alhamdu lillahi, yau ƙanena Sabi'u ya buɗe ido ya gane ni! Ban yi barcin kirki ba tun ranar da ya haɗiyi ƙwaya a bikin abokinsa, ya yi ta rawa yana ɗirkar ruwa har ya faɗi yana jijjiga. Likita ya ce ƙwayar da yawan ruwan ne suka rage masa gishirin jini, saura ƙiris mu rasa shi.

Yana farkawa ya yi mini raɗa: "Yaya, don Allah kar Baba ya ji."

Na ce, "Ai Baban ne ya kawo ka asibiti."

Ya ja zane ya rufe fuska. Na yi dariya har da hawaye. Faɗa kuwa, sai ya warke.